Ɗaki a Cikin Gida

Kuɗin wuta ne ya jawo.
Duk wata takardar na iso Aboabo da suna guda,
sunan kakana da ya rasu ina goye,
mu kuwa ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan,
kowa na rantsuwa ba shi ke shan wutar ba.
Hajiya Mardiyya ta ce firjinta barci yake da dare.
Tela Muntari ya ce dutsen gugarsa na gawayi ne,
alhali mun ga igiya ta leƙo ta ƙasan labule.

Na ce bari in rubuta abin da zai raba gardama.

Na ɗora kwamfuta a kan bokitin da aka kife,
na buɗe aji, na raɗa masa suna Gida.
Na ba shi mita, na ba shi bashi,
na ja ƙofa: wannan sirri ne, na waje ba ya gani.
Da na zo kan Ɗaki sai na ajiye shi a waje, shi kaɗai.
Ya nemi mita, aka ce ba huruminsa ba ne.
Ya tsaya a bakin zaure
kamar wanda ya yi sallama sau uku.

Malama Zuwera ta leƙa allona washegari,
ƙunshin wake da shinkafa a hannunta, ganyen na ɗiga.
Ta ce, ɗakin nan, in ka cire shi daga gidan,
wa zai yi wa amfani?
Na ce babu.
Ta ce to mayar da shi ciki.

Na yanko shi, na tura shi tsakanin bakan nan biyu,
na matsar da shi taku huɗu daga gefe.
Shi ke nan fa.
Ya ga mita, ya ga bashi, bai nemi izini ba,
yadda ɗan gida ke sanin inda ake ɓoye makullin famfo.
Mai kiransa daga titi kuwa
sai ya fara ambaton gidan:
Gida, ɗigo, Ɗaki.
Haka ake kirana a Kejetiya ma,
ba a cewa Sualihu sai an ce na gidan Baba Kolo.

Lissafi ya fita. Firji ya farka.
Muntari ya biya sidi arba'in yana ƙunƙuni.

Sai daga baya na lura abin na cin wuri.
Na share gidan gwaji, bai tafi ba.
Na sake sharewa, yana nan.
Ashe kowane ɗaki na riƙe da wani zare
da ban rubuta ba, ban kuma gani ba,
ɗaure a ƙugun gidan da ya haife shi.
Muddin wani na riƙe da ɗaki guda,
mai shara ba zai taɓa gidan ba.

Na bi layi-layi har asuba.
Ɗaki na bakwai ne.
Na yayana Fuseini,
da ya hau motar arewa shekara tara ke nan,
ya kira sau biyu daga Agadas.
Ƙwan fitila ɗaya, Inna ke biya,
ba ta kashe shi ko da rana.

Malama ta ce kalma ɗaya ke tsinke zaren,
ɗakin ya ci gaba da amsa sunan gida
ba tare da ya riƙe kowa ba.
Na san kalmar. Harafi shida ce.
Na rubuta uku.

A tsakar gida Inna na wanke tukunyar koko,
hasken ɗakin yana kan bayanta.